Muhawara: Koyar da Turanci ta hanyar aikin aji ga 'yan aji shida, taimako ne ko ɓata lokaci?

Malamar Turanci, Zariya:

Assalamu alaikum malamai da iyayen da ke wannan zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ina son jin ra'ayin waɗanda suka riga ni shiga aikin koyarwa. Shekara tara ke nan ina koyar da Turanci a aji shida na wata sakandaren 'yan mata ta gwamnati, kuma a mafi yawan shekarun nan abin da nake yi bai wuce in cika allo da ƙa'idojin nahawu ba, yara su kwafa, sannan mu buɗe littafin tambayoyin baya na WAEC da NECO mu yi ta bi ɗaya bayan ɗaya har a kaɗa ƙararrawa. A zangon da ya wuce na sauya salo. Na raba ajin rukuni-rukuni, na riƙa ba su aikin da ba zai kammalu ba sai sun yi magana da Turanci ko sun rubuta shi, kamar su rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma wasiƙa a kan rijiyar burtsatsen unguwarsu da ta lalace, ko su yi muhawara a kan ko ya dace a hana 'yan makaranta talla bayan an tashi. Abin da na gani shi ne, yaran da ban taɓa jin muryarsu ba tun suna aji huɗu sun fara buɗe baki. To amma wata babbar malama ta ja ni gefe ta ce mini ina wasa da makomar 'ya'yan mutane, domin jarrabawa saura wata biyar, kuma ba a ba da kiredit don yarinya ta iya surutu a aji. Maganarta ta hana ni sukuni. Shin in ci gaba, ko in koma kan allo da tambayoyin baya?

Tsohon shugaban makaranta, Katsina:

Wa alaikumus salam. 'Yata, malamar da ta ja ki gefe mai ƙaunarki ce. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan salon da kike faɗa, in za a yi shi, a aji ɗaya ko aji biyu ya kamata a fara, lokacin da yaro yake da shekaru biyar ko shida a gabansa. Ɗan aji shida kuwa abu ɗaya ne a gabansa, ya sami aƙalla C6 a Turanci, domin ba tare da kiredit a darussa biyar ciki har da Turanci ba, ƙofar jami'a a rufe take. Na shafe shekara talatin da biyar ina aiki, kuma na ga salo iri-iri da aka zo mana da su daga tarurrukan bita, kowanne da sunansa mai daɗin ji, amma da zarar malami ya koma ajinsa ya tarar da yara casa'in a kan bencin da aka kafe a ƙasa, sai ya ninke takardar bitar ya sa a aljihu. Ki faɗa mana tukuna, yara nawa ne a ajin naki, kuma minti nawa ne darasin?

Malamar Turanci, Zariya:

Baba, yara 87 ne a rajista, waɗanda ke zuwa kullum ba su kasa 75 ba. Darasin minti 40 ne, sau biyar a mako.

Tsohon shugaban makaranta, Katsina:

To kin gani. Tsarin Ilimi na Ƙasa ya ce malami ɗaya ga ɗalibai 40 a sakandare, ke kuwa kina da ninki biyu da ɗoriya. Kafin ki raba su rukuni, su juya, su yi shiru, minti goma sun tafi. Kafin kowane rukuni ya faɗi abin da ya yi, an buga ƙararrawa. Wane ne ya gyara kuskuren da suka yi wa juna a cikin hayaniyar?

Mai duba takardun jarrabawa, Kano:

Ranka ya daɗe, ina neman izinin in saɓa maka kaɗan, duk da cewa lissafinka na lokaci gaskiya ne. Na yi shekaru ina zuwa duba takardun Turanci, kuma ina ganin kafin a yanke wa Malama hukunci ya kamata mu dubi yadda aka raba makin jarrabawar kanta.

Turancin WAEC takarda uku ne. Ta farko tambayoyi 80 ne na zaɓi-ɗaya a cikin awa ɗaya, makinsu 40. Ta uku ita ce ta furuci, tambayoyi 60 a minti 45, makinsu 30. Ta biyu kuwa, wadda ake rubutawa da hannu a cikin awa biyu, makinta 100 ne: insha'i 50, taƙaitawa 30, auna fahimta 20. Ke nan daga cikin maki 170, guda 100 suna wurin da ba a canki-canka, wurin da dole yaro ya gina jimla da kansa. Littafin tambayoyin baya yana taimakawa ƙwarai a takarda ta farko da ta uku. Amma a takarda ta biyu, yaron da ya shekara uku yana kwafar abin da ke kan allo bai taɓa rubuta kalma 450 daga kansa ba, ranar jarrabawa ce ranarsa ta farko, kuma muna gane shi tun daga sakin layi na farko.

Ga yadda ake raba makin insha'in: 10 na abin da aka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na tsabtar rubutu, wato nahawu da ƙa'idojin rubutu da alamomin tsayawa. A wannan kashi na ƙarshe kowane kuskure rabin maki yake ci, don haka kuskure 20 ya cinye goman duka. Mafi yawan takardun da ke zuwa hannuna sun gama cinye goman nan tun kafin a kai ƙarshen shafi na farko. Akwai kuma waɗanda suka haddace wasiƙa sukutum daga wani littafi, aka tambaye su su rubuta wa shugaban makaranta a kan matsalar ɗakin karatu, sai suka zuba wasiƙar da suka haddace ta zuwa ga aboki. Irin wannan ko Turancinsa ya yi kyau ya rasa makin abin da aka tambaya, kuma sauran kashin ma sukan bi shi. Saboda haka wasiƙar rijiyar burtsatse da Malama ta sa suka rubuta, ni a wurina ita ce shirin jarrabawa na haƙiƙa. Abin da zan tambaye ta shi ne, kowace yarinya ce ta rubuta tata, ko kuwa yarinya ɗaya mai ƙoƙari ta rubuta, tara suka zuba mata ido?

Malamar Turanci, Zariya:

Malam, ka taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Gaskiya a yawancin rukunonin yarinya ɗaya ce ke riƙe da biro, kuma kusan kullum ita ce dai. Na lura da hakan, amma na yi ta lallashin kaina cewa sauran ma suna ƙaruwa da sauraro.

Malami a kwalejin ilimi, Kano:

Ina ganin a nan ne ake yawan samun ruɗani, domin an ɗauka cewa koyarwa ta hanyar aiki ma'anarta a zaunar da yara rukuni-rukuni, alhali abubuwa biyu ne daban. Bari in kawo misali daga ƙasar da ajujuwanta suke da cunkoso kamar namu. A kudancin Indiya, daga 1979 zuwa 1984, wani masanin koyar da harshe mai suna N. S. Prabhu ya jagoranci wani gwaji a makarantun Bangalore da Madras. Maimakon a koyar da ƙa'idar nahawu a ce a yi jimla da ita, sai a ba yara jadawalin jirgin ƙasa ko taswirar gari, a ce su gano wane jirgi mutum zai hau daga wannan gari in yana son ya isa wancan kafin ƙarfe kaza, ko su bi kwatance su gano inda wani gida yake. Hankalin yaro yana kan warware matsalar, Turancin kuma yana shiga ne a matsayin abin da ba makawa sai da shi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, Prabhu bai dogara da aikin rukuni ba. Malami ne yake fara yin irin aikin tare da dukan aji a kan allo, sannan kowane yaro ya yi makamancinsa shi kaɗai a littafinsa. Dalilinsa kuwa shi ne dalilin da Baba ya kawo, wato tsoron kada yara su yi ta cusa wa juna kuskure har ya zauna musu.

Don haka Malama ba lallai ba ne ki juya benci ko ɗaya. Yarinya da maƙwabciyarta a benci sun isa, wani lokacin ma kowace ita kaɗai. Ma'aunin da nake ba ɗalibaina masu zuwa koyarwar gwaji shi ne, su ƙirga cikin minti 40 minti nawa ne bakin yaro ko bironsa yake samar da Turancin da ba kwafa ba ne. In amsar ba ta kai minti goma sha biyar ba, to malamin ne ya yi atisayen Turanci a ranar, alhali ba shi zai zauna jarrabawar ba.

Tsohon shugaban makaranta, Katsina:

Malam, na ji daɗi da ka nuna cewa mutumin nan na Indiya ya ga abin da na gani. Amma ka yi adalci ka ƙara da cewa yaran da ya yi gwajin da su ƙanana ne, ba masu jiran jarrabawar fita nan da wata biyar ba. Maganata tana nan a kan lokaci.

Malami a kwalejin ilimi, Kano:

Haka ne ranka ya daɗe, ƙanana ne, kuma ba zan ce a ɗauko tsarinsa sukutum a dasa a aji shida ba, musamman da yake shi ba ya tsayawa bayanin nahawu, abin da ɗan jarrabawa ba zai iya yi babu shi ba. Waɗanda suka biyo bayansa sun ƙara mataki na ƙarshe, inda bayan an gama aikin malami zai tsamo kurakuran da ya ji ko ya gani ya yi bayaninsu. Wannan shi ya dace da mu.

Ga misali ɗaya da ya shafi taƙaitawa, wadda ita ce ke kayar da yara fiye da komai. Cutar da ke damun su ita ce ɗauko jimla daga cikin nassin su ajiye a matsayin amsa, kuma ana rage maki a kan hakan. Ko sau ɗari malami ya ce kada a kwafa, muddin nassin yana gaban yaro zai kwafa. To sai ki karanta musu nassin da babbar murya sau biyu, littattafai a rufe. A karo na farko su saurara kawai, a karo na biyu su rubuta kalmomin da suka kama. Daga nan kowace da maƙwabciyarta su haɗa abin da suka samu, kowace ta rubuta manyan batutuwan a cikin jimla uku cikakku. Tunda nassin ba ya gabansu, babu abin kwafa, dole su nemo kalmominsu. Sai a ƙarshe a buɗe littafi a gwada. Wannan ba ya buƙatar kuɗi, ba ya buƙatar wutar lantarki, kuma yana shiga cikin minti 40.

Wani uba, Sakkwato:

Malamai ku yi haƙuri da ni, ni ɗan kasuwa ne, karatun bokona bai yi nisa ba, amma ina da yaro a aji shida. Ni abin da nake iya dubawa shi ne littafinsa. In na buɗe na ga shafi ya cika da rubutu da jan biron malami, sai hankalina ya kwanta cewa an yi karatu. A bara yaron ya zo mini da littafin Turanci kusan babu komai, na tambaye shi, ya ce malaminsu wasan kwaikwayo da muhawara yake sa su. Washegari na sa shi a darasin yamma, ina biya duk wata. To yanzu ina jin kuna cewa cika littafin ma ba shi ne karatun ba. Mu iyaye da me za mu gane cewa ana koya wa 'ya'yanmu wani abu?

Mai duba takardun jarrabawa, Kano:

Alhaji, tambayarka tana kan hanya, kuma malamin da ya bar littafin yaro fayau shi ma bai kyauta ba. Muhawarar da ba ta ƙare da rubutu ba, ga ɗan aji shida, rabin aiki ce, domin a jarrabawa ana iya ce masa ya rubuta jawabin muhawara, amma ba za a ce ya tashi ya yi ta da baki ba. Ga abin da za ka iya yi ko ba ka jin Turanci sosai. Ka buɗe littafin ɗanka, ka ari na abokinsa ɗan ajinsu, ka jera su. In shafukan iri ɗaya ne kalma da kalma, daga allo aka kwafa. In kuwa ka ga shafin da ya bambanta, da jan biro a kansa, sannan a shafi na gaba an sake rubuta abin da gyara, wannan aikin ɗanka ne. Ka nemi irin wannan shafin aƙalla sau ɗaya a mako.

Malamar Turanci, Zariya:

Abin da Alhaji ya faɗa ba iyaye kaɗai ba ne. Masu zuwa duba makarantu ma littafin yara suke buɗewa su gwada da tsarin aikin zango, in ba su ga rubutu a ƙarƙashin kowane batu ba sai a ce malama ba ta cika manhaja ba. Amma babbar damuwata game da shawarar insha'i duk mako ita ce duba shi. Insha'i 80 na kalma 450, ko minti biyar-biyar na ba kowanne, ya kusa awa bakwai, kuma ina da wasu ajujuwan, ina da gida da yara.

Mai duba takardun jarrabawa, Kano:

Ba za ki iya ba Malama, kuma duk wanda ya ce yana yi duk mako ba ya karantawa, alamar gani kawai yake sawa. Abin da na ga yana aiki shi ne a raba nauyin. Kurakuran yaranmu ba su da yawan iri, maimaituwa suke yi, kuma mafi yawansu daga Hausa suka taso. Yaro ya rubuta "borrow me your pen" domin a Hausa "ara mini" yake cewa. Ya rubuta "I am hearing the smell" domin wari jin sa ake yi. Ya kira mota "she" domin a Hausa mace ce. Ya manta harafin "s" a ƙarshen aikatau in mai aikin mutum ɗaya ne, ya fara labari a shuɗaɗɗen lokaci ya tsallako zuwa na yanzu a tsakiya. Ki zaɓi iri biyu kacal a kowane mako, ki yi bayaninsu a allo na minti goma, sannan su yi musayar takardu kowace ta farauto waɗannan biyun kaɗai a rubutun 'yar'uwarta, ta zagaye su da fensir, ta cire rabin maki a kan kowanne kamar yadda muke yi. Ba a ba ta izinin gyara abin da ba a koya ba, don haka tsoron da Baba yake yi na makaho ya ja makaho ya ragu. Ke kuma ki ɗauki takarda goma sha biyar ki duba sosai, mako mai zuwa wasu goma sha biyar, cikin mako shida kin ratsa ajin. Yarinyar da ta cire wa ƙawarta maki uku a kan harafin "s" da hannunta, da wuya ta manta shi a nata rubutun.

Malamin Turanci, Maraɗi:

Gaisuwa ga malamai daga wannan ɓangaren iyaka. A wurinmu Turanci harshe na uku ne ga yaro, bayan Hausa ko wani harshen gida da kuma Faransanci, kuma sai ya shiga koleji yake fara shi, ya yi shekara huɗu ya zauna jarrabawar kammala koleji, wato BEPC. A 2025 sabuwar dokar ƙasa ta sa Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta sa Turanci da Faransanci a matsayin harsunan aiki, don haka iyaye sun fara tambaya a kan Turanci fiye da da. Abin da nake son in tambaya shi ne batun Hausa a cikin aikin. Duk lokacin da na haɗa yara biyu ko huɗu, da na juya baya sai su koma Hausa. Na yi faɗa har na gaji. Daga baya na bar su su tsara abin da za su faɗa da Hausa na minti uku, da sharaɗin abin da za a rubuta da abin da za a faɗa wa aji da Turanci ne. Aikin da ya fi karɓuwa a wurina shi ne na ɗan kasuwar da zai sayo kaya a Kano ta Jibiya, yana rubuta wa mai shago saƙon abin da yake so da farashi da ranar zuwa, domin da yawansu iyayensu wannan ce sana'arsu. Shin barin Hausar kuskure ne?

Tsohon shugaban makaranta, Katsina:

A zamaninmu tara ake ci, wanda aka kama yana Hausa a harabar makaranta ya biya ko ya yi shara. Na aiwatar da wannan doka shekaru da yawa, kuma yau zan faɗi gaskiya tsakanina da Allah, ba ta sa yara sun iya Turanci ba, ta sa sun iya yin shiru in sun hango malami. A kan wannan ba ni da ja.

Malami a kwalejin ilimi, Kano:

Malam na Maraɗi, ba kuskure ba ne muddin ka ɗaure shi da lokaci kamar yadda ka yi. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya fara gwajin nan na Ife, inda aka koyar da yara da Yarabanci duk shekaru shida na firamare, Turanci yana matsayin darasi, kuma Turancinsu bai lalace ba. Yaron da bai san abin da zai faɗa ba da harshensa, ba zai same shi da harshen wani ba. Hatsarin yana wuri ɗaya ne, in ya tsara jimlar da Hausa ya juya ta kalma da kalma, wanda shi ke haifar da kurakuran da Malam mai duba takardu ya lissafa. Saboda haka su tattauna batutuwan da Hausa, amma jimlar a gina ta da Turanci tun daga farko.

Malamin Turanci, Kumasi:

Ina koyarwa a makarantar da yaran zango suke da yawa. Akwai bambanci ɗaya tsakaninmu da ku da ya shafi wannan magana. A Gana da Gambiya da Saliyo takarda ta uku ta sauraro ce, ana kunna murya a ɗakin jarrabawa yara su amsa abin da suka ji. A Najeriya da Laberiya kuwa a kan takarda ake yin ta, babu sautin da ke tashi. Mu dole ce ta sa muke horar da kunne. Ina mamakin yadda kuke shirya yaro ya zaɓi kalmar da wasalinta ya yi daidai da na wata, alhali bai taɓa jin an furta ko ɗaya daga cikinsu daidai ba.

Malamar Turanci, Zariya:

Haddacewa suke yi Malam, kuma nan ne na fi ganin amfanin sabon salon. Hausa wasali biyar gare ta, gajere da dogo, da tagwaye biyu, Turanci kuwa wasulansa 20 ne cikin sautuka 44. Ga kuma "p" da "f" da suke zame mana abu ɗaya, da "v" da ke komawa "b", da baƙaƙen da ke haɗuwa babu wasali a tsakani, waɗanda bakinmu yake raba su kamar yadda muka sami burki da fursuna. Nakan sa kowace ta riƙe ƴar takarda a gaban bakinta ta furta "pan" da "fan", ta ga wadda ta fi kaɗa takardar. Wajen gaɓar da ake ƙarfafawa kuma tafi muke yi, tafi mai ƙarfi a kan gaɓar da ta ɗauki nauyi. Ajin da ke kusa da mu sun taɓa kai ƙarata saboda tafin, amma yaran sun daina kallon alamomin furuci kamar rubutun aljanu.

Ɗalibar jami'a, Bauci:

Malamai ku gafarce ni in sa baki a matsayin wadda ta zauna jarrabawar nan ba da daɗewa ba. Kada a manta da JAMB. Turanci tambaya 60 ne cikin 180, a kan kwamfuta, awa biyu duka, kuma a can babu insha'i, sauri da sanin salon tambaya ne ke fid da mutum. Ni abin da ya taimake ni a can tambayoyin baya ne da agogo a gabana. Amma insha'in WAEC, malaminmu ya sa muna sauraron labaran rediyo na Hausa da safe, mu rubuta labari ɗaya da Turanci a jimla biyar kafin a shiga aji, kuma shi ya cire mini tsoron farar takarda. Abin da ban so ba shi ne ranakun muhawara, domin mutum shida ne kullum suke magana, mu saura muna kallo.

Tsohon shugaban makaranta, Katsina:

Yarinyar nan ta faɗi abin da nake ta kewaye. 'Yata ta Zariya, ga inda na tsaya. Muhawara da wasan kwaikwayo ki ajiye su sai kin karɓi aji huɗu. Taƙaitawar nan ta littafi a rufe, da farautar kuskure, da takardar gaban baki, ban ga aibinsu ba, tunda kowace yarinya tana riƙe da bironta kuma bencin yana inda yake. Amma kada ki taɓa ranakun tambayoyin baya, kuma daga watan Maris kowace Juma'a su rubuta insha'i cikin minti 50 da agogo, shiru kamar a ɗakin jarrabawa, ko da za ki roƙi minti goma daga malamin da ke bin ki.

Malamar Turanci, Zariya:

Na gode Baba, na gode malamai. Muhawarar ba zan ajiye ta gaba ɗaya ba, sai dai zan sa kowace ta rubuta jawabinta tukuna, sannan in kira sunaye daga rajista maimakon in jira masu ɗaga hannu. Kwana biyu na tambayoyin baya, kwana biyu na aiki, Juma'a insha'i. Malam mai duba takardu, in na ɗauki hoton insha'i goma na wannan Juma'ar na rufe sunayen yaran, za ka duba mini su da ma'aunin da kuke amfani da shi, don in gwada da makin da ni na bayar?

Mai duba takardun jarrabawa, Kano:

Ki turo Malama, amma kada ki zaɓo mini na 'yan bencin gaba. Ki ɗauko uku daga gaba, uku daga tsakiya, huɗu daga can baya kusa da taga, kuma kada ki sa musu jan biro kafin ki ɗauki hoton.